Oba-oba Mai Jan Salatif

Salamu alaikum, mutanen kirki masu bibiyata. Na ga ƙorafinku a ƙasan rubutun da ya wuce, wata har da tambayar ko an ɗaura ne ban gayyace ku ba. Ina fa! Sabis ɗin garinmu ne, sai ya ga dama yake leƙowa, in ya leƙo kuma ba ya zama. Yau na kama shi a bakin tagar ɗakin Inna, to bari in yi sauri kafin ya canza shawara.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Bushira, haifaffiyar Birnin Gwari. Aikina gwajin oba-oba a shagon Kawu Tasi'u, ƙanin mahaifiyata. E, oba-oba dai da kuka sani, irin wadda 'yan sanda ke riƙewa. Tun da aka lalata turakun sabis na ƙauyukan bayan daji, waya ta zama ta kallon hoto da haska hanya kawai, sai mutane suka koma yin karo-karo suna sayen oba-oba. Ɗaya a hannun mai gadi a kan bishiya, ɗaya a gona, ɗaya a gidan mai unguwa. In mai gadi ya hango baƙin mashina, ya danna ya faɗa, kowa ya watsar da fartanya ya nemi gida.

Babu wadda ke fita daga shagonmu sai ta bi ta hannuna. In cika batir in bar ta a kunne in ga ko za ta kai yamma. In yi ta danna maɓallin magana har babban yatsana ya yi kanta, in girgiza ta kusa da kunne ko akwai abin da ya kwance a ciki, in murɗa eriya, in yayyafa mata ruwa, don manomi gumi yake yi kuma ruwan sama ba ya sallama. Wadda ta ci gwaji in naɗa mata koren salatif. Wadda ta faɗi, ko wadda aka dawo da ita daga ƙauye da ƙorafi, jan salatif take sha. Kawu ya sha gaya min cewa waya in ta ƙi aiki rai ne kawai zai ɓaci, amma wannan in ta ƙi aiki gawa za a ɗauko. Shi ya sa ko yunwa na ci na ba na tsallake gwaji ɗaya.

Gwaji na ƙarshe shi ne na nisa, shi kuwa mutum ɗaya ba ya yin sa. Sai wani ya ɗauki na'urorin ya fita bayan gari yana kira, ni kuma ina shago ina saurare. Mai fitar nan shi ne Munzali. Dogo ne baƙi mai wushirya, kullum cikin wata jibgegiyar rigar sanyi ko da rana na tsaga ƙasa, in ya shigo shago warin fetur da ƙamshin alewar minti su shigo tare da shi. Zai saɓa jaka ya hau mashin, ya tsaya a gada ya kira, ya tsaya a gindin tsamiya ya kira, ya ƙara gaba har inda murya ta fara tsinkewa.

A oba-oba ba a kiran suna, don kowa na ji, har da waɗanda ke cikin daji. Saboda haka ni ce Shago, shi ne Mashin.

"Shago, Shago, kina ji na?"

"Ina jin ka, Mashin, sarai."

"Sake faɗa, ban ji da kyau ba."

"Na ce ina jin ka."

"Iska ta ɗauke. Ƙara ɗaya."

Rannan Kawu ya fizge na'urar daga hannuna ya danna ya ce, "Kai Mashin, wannan abu lafiyarsa ƙalau, kunnenka ne ke neman gyara. Ka dawo in duba maka shi da sukundireba." Duk mai oba-oba a yankin nan ya ji, wani tsoho daga can wani ƙauye har da dannawa don a ji dariyarsa. Ni kuwa na ja hijabi na rufe fuska, kamar ana ganina. To kun ji inda aka faro. Ni dai ban samu irin soyayyarku ta hira a waya har kunne ya yi zafi ba. Tawa ta gwaji ce, kalma uku zuwa huɗu, a gaban jama'a.

Da ya fara zuwa zance gida, Inna ba ta kore shi ba. Har kunun gyaɗa ta aika masa zaure. Amma ranar da ya yi maganar turo magabatansa, da kanta ta sa mayafi ta fito ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Munzali, ni ban ga aibunka ba. Amma baban yarinyar nan a hanyar Kaduna aka kashe shi. Da safe ya ce min sai ya dawo, tuwonsa na rufe a kwano har ya yi tsami. Ba zan ɗauki 'yata in ba wanda kullum sai an zauna zaman jiran dawowarsa ba. Ka ajiye mashin ɗin nan ka nemi sana'ar cikin gari, sannan ka turo."

Ya durƙusa ya ce, "Inna, na ji. A bar ni in ga an shigar da amfanin gona a garinmu. Tsohuwata da ƙannena na can, kuma ni ne mai kula da na'urorinsu."

"To sai an shigar," in ji ta, ta juya ta koma ciki.

Garin nasu Unguwar Mailafiya ne, wani ɗan ƙauye a bayan daji ta ɓangaren Damari. Ya tafi da jaka cike da na'urorin da ni na naɗa wa kore. Bai daɗe da shiga ba hanya ta rufe, 'yan bindiga suka tare ta gaba da baya, ba shiga ba fita. Tun daga nan shiru. Saƙonnina na nan jere a wayata, kowanne da alama ɗaya tak a gefensa, ba su isa ba. "Ka isa lafiya?" "Yau an yi ruwa a nan." "Kawu ya ce kunnenka ya warke?" Na ƙarshen ma ɗigo kawai na tura, don in ga ko zai wuce.

Jama'a, kaɗaici ba sai mutum na zaune shi kaɗai a ɗaki ba. Layinmu gida bakwai ne ko takwas, yanzu uku ne ke hura wuta. Karima, ƙawata tun firamare, suna Zariya, sai dai in sabis ya leƙo in ga hotonta da sabon leshi a bikin mutanen da ban sani ba. In na tashi daga shago ba ni da inda zan biya. A shagon ma, gwajin nisa ya koma hannun Kawu, shi kuwa daga gada yake juyowa, ya ce "Ana ji?" in ce "Ana ji," shi ke nan. Ban taɓa sanin mutum na iya kewar a ce masa ya sake faɗa ba sai yanzu.

Ana cikin haka Inna ta ce ita ta gaji, Kaduna za mu koma. Yayana Abdulkahar na can yana aiki, shi ya yi ta turo saƙo.

"Ƙanwata, na samu gidan, ciki da falo a Rigasa, har da rijiya. Motocin da sojoji ke rakawa za su taso Alhamis da safe, na kama maku wuri. Ki lallaɓa Inna kada ta ɗauko turmin nan."

Bayansa wani ya biyo. "Af, Yusha'u abokina na gaishe ki. Malamin makaranta ne, daga gida sai aji sai masallaci, ko bayan gari ba ya leƙawa. Ba dole nake miki ba, ku dai gaisa."

Na ce ina amsawa. Me zan ce? Yaya bai yi laifi ba, Yusha'un ma da ban sani ba bai yi laifi ba. Inna kuwa ba ta ƙara ambaton sunan Munzali ba, sai dai in ta ga na ƙura wa waya ido ta ce, "Ke, zo kama min wannan ƙullin." Gidanmu ya koma tarin ƙunshi. An sauke kwanukan jere, an naɗe ledar ɗaki, bangon ya fito da tabon inda hoton Baba ya daɗe a rataye. Kajinmu an raba wa maƙwabta. Turmin dai Inna ta ce ko a kanta za ta ɗora shi sai ya je.

Jiya Laraba ita ce ranata ta ƙarshe a shago. Na sa atamfata ruwan toka mai zanen ganye da baƙin hijabi, ko kwalli ban sa ba. Ina shiga Kawu ya nuna min wani kwali a kan teburi.

"Motar Micah ta samu fitowa. Ga marasa lafiya ya kawo miki, ki duba su kafin ki gudu ki bar ni."

Baba Micah direban babbar mota ne, Bagware, abokin Kawu tun suna samari, shi ke ɗauko hatsi daga ƙauyukan can in hanya ta yi sauƙi. Na buɗe kwalin. Na'urori ne 'yan kaɗan, duk da jan salatif. Ta farko eriya ce ta karye daga ciki. Ta biyu ruwa ta sha. Ina ɗaga ta uku na gane naɗin. Munzali in ya naɗa salatif sai ya lanƙwasa bakinsa, wai don kada in karya farce wajen ɓarewa. Duk duniya shi kaɗai ke wannan.

Na juya ta gaba da baya. Na cire batir na leƙa. Na zazzage kwalin har ƙasa. Babu takarda, babu komai. Wato ya samu mai fitowa, ya iya aiko da na'ura, amma bai iya aiko da ko gaisuwa ba? To madalla. Ashe ni Shago ce da gaske, wurin kawo gyara.

Sai na yi mata abin da nake yi wa kowacce. Dokar Kawu ta farko ita ce, duk na'urar da ta fito daga daji, kafin a kunna ta a saurara sai an wanke ta. Wankin ba na ruwa ba ne. Igiya ake sa mata a haɗa da kwamfuta, a goge duk saitin da ke cikinta, a zuba mata tashoshin shago sababbi. Dalili kuwa, mutanen ƙauye na yawan latse-latse su birkita ta, rabin ƙorafin da ake kawowa wankin nan kaɗai ke maganinsa. Kuma ba ka san hannun wa da wa ta bi ba. Na yi wannan wankin ya fi a ƙirga, hannuna ma ba ya shawara da ni. Na soka igiya, na danna, layin kore ya cika, ta yi ɗan ƙara ta farfaɗo.

Na bi ta da gwaji ɗaya bayan ɗaya. Batir garau. Maɓalli garau. Murya tas kamar sabuwa. Na yi tsaki na ce, "Kawu, wannan ba abin da ke damunta. Mutanen Unguwar Mailafiya dai sun so ba mu aiki ne." Na ɓare jan na manna shi a gefen teburi, na naɗa mata kore da ƙarfi har salatif ɗin na ƙara.

Bayan Azahar sai ga Baba Micah ya shigo karɓar fitilarsa da ya bari a caji. Ya zauna a benci yana ba Kawu labarin wahalar hanya, yadda suka fito daga Unguwar Mailafiya tun makon jiya amma suka maƙale a Dogon Dawa suna jiran rakiya, suna kwana a ƙarƙashin mota. Yana cikin magana idonsa ya sauka a kaina, sai ya dafe kai.

"Kash! 'Yata, tsufa ya kama ni. Yaron nan ya ba ni saƙo, ya maimaita min har ya ishe ni. Ya ce na'urar nan tasa, kada ki taɓa ta. Ki kunna ta yadda take, ki haɗa ta da doguwar eriya, bayan La'asar. Ya ce ke za ki gane."

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Baba, yadda take?"

"Yadda take. Na ce ya rubuta a takarda, ya ce a'a, in an tare mu aka ga takarda da sunan yarinya fa? Kullum da yamma yana hawa wani dutse a bayan garinsu, wai daga can ne kawai magana za ta iso nan. Na gaya masa ma kuna shirin tashi ƙarshen wata."

Na kalli na'urar da korenta. Na gane, amma a makare. Ba ta lalace ba. Munzali ya buɗe wata tasha ce a cikinta, wadda ba ta cikin na shago, ya naɗa mata ja don ya tabbata hannuna za ta faɗo, ba na kowa ba. Ni kuma na karɓa, cikin fushi da ƙwarewa, na goge. Na koma kwamfuta in duba ko ta ajiye tsohon saitin. Ba ta ajiye ba. Ba mu taɓa ajiyewa ba, me za a yi da saitin da ɗan ƙauye ya birkita?

"Kawu, na wanke ta," na ce.

Kawu ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Baba Micah sai "Sannu, 'yata, laifina ne" yake yi. Can Kawu ya ce, "Dokata kika bi, ba ki yi laifi ba. Kuka ba zai dawo da ita ba. In kin goge tashar a nan, shi can ba ki goge bakinsa ba. Hau sama ki sa ta lalube."

Doguwar eriyarmu a kan rufin shago take, ɗaure a jikin gora. Ana idar da La'asar na tattare hijabi na ɗaure a ƙugu, na taka tsani, mai shayin da ke gefe ya saki baki yana kallo. Kwanon rufin na ƙona ƙafa. Na zauna a kan bulon da aka danne shi da shi, na haɗa igiyar eriya, na sa na'urar ta shiga lalube, wato ta riƙa bin tashoshi da kanta tana tsayawa duk inda ta ji murya.

Ta tsaya a kan 'yan sa-kai suna musayar wurin gadi. Ta wuce. Ta tsaya a kan wani Bafulatani yana cigiyar shanunsa, rabi Hausa rabi Fulatanci. Ta wuce. Wata mata tana tambaya ko ungozoma ta taso. Sai shuuu, sai shuuu. Daga inda nake ina hango dajin, kore shar har ƙarshen gani, ko tsuntsu ba ya motsi. Rana ta fara sunkuyawa. Na ce a raina, Bushira, tashoshin nan ba su da iyaka, kina neman mutum ɗaya a cikinsu.

Sai lambobin suka tsaya cak.

"...go, Shago. Kina ji na?"

Wallahi na kusa sakin ta. Murya ce siririya, iska na yankar ta, amma ko a cikin kasuwa na ji ta zan gane. Na tsayar da laluben da sauri, na danna maɓalli da yatsu biyu.

"Ina jin ka, Mashin! Ina jin ka sarai!"

Na saki. Na kasa kunne.

"Shago, Shago. Mashin ne. Kina ji na?"

"Ina ji! Ga ni! Mashin, ga ni!"

"Shago, Shago."

Nan na gane, don na san wannan ciwon, na sha gyara shi. Akwai wani siririn sauti da kunne ba ya ji, wanda ake liƙa wa tasha, mu a shago makulli muke ce masa. In ka sa wa na'urarka makulli, ba za ta buɗe bakinta ga kowa ba sai wanda ya zo da irinsa. Munzali ya sa wa tasa don kada hayaniyar wasu ta dame shi, ya sa irinsa a tawa. Shi ma na wanke shi. Ni da ba ni da makulli ina jin kowa, shi kuwa ba zai ji ni ba ko zan tsaga maƙogwaro. Makullan nan kuma sun kai hamsin.

Na fara daga na farko. In shiga saiti, in zaɓa, in fito, in danna, "Mashin, kana ji na?" In saurara. In koma in zaɓi na gaba. Gumi na shiga min ido, yatsana na zamewa. Shi kuwa ya gaji da kira, sai ya fara magana, a hankali, irin ta wanda ya saba yi wa iska bayani.

"Na san ta iso hannunki tuni. In kina ji kika yi shiru, ba komai, ban ga laifinki ba. Masara ta kusa gama shiga gida. Na yi magana da tsohuwa, ta yarda. Ana gamawa zan ajiye mashin. Abin da nake hawowa in faɗa kenan, na faɗa jiya, na faɗa shekaranjiya. Ki gaya wa mai kunun gyaɗa na ji maganarta."

"Ina ji, wallahi ina ji," nake faɗa, ban ma danna ba. Na zaɓi na gaba. Na kira. Babu.

"Mutanen gari sun ce hawan nan nawa ya fara jawo ido. Jiya an ga sawun mashina a gindin dutsen. Sun ce in bari. Na roƙe su yau da gobe. Bayan gobe ba zan ƙara hawowa ba." Na ji iska na kaɗa rigar sanyin nan tasa. "Shago, ko dannawa ɗaya ki yi ki saki. Zan gane."

Na danna. Na danna har yatsana ya yi zafi. Na canza makulli na sake dannawa.

"To shi ke nan. Mashin ya sauka."

Shuuu.

Ban kai rabin makullan ba. Na zauna a kan rufin nan, na'ura a cinya, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba. A ƙasa gari na ta harkarsa, mai shayi na fasa ƙwai, wani na jayayya a kan canji. Mutum na can kan dutse yana zaton na ji shi na share, ni ina nan ina ihu ba mai ji. Kawu ne ya hau tsani rabi ya ce, "Sauko, ɗiyata, an kusa kiran Magariba." Bai tambaye ni komai ba, fuskata ta gaya masa.

Na samu Inna a tsakar gida tana ɗaure bakin buhun da ta zuba tukwane. Jakata na saman tarin kaya, an riga an ɗaure ta da ta Inna da igiya ɗaya.

"Sai yanzu? Kin yi sallama da kawun naki? Wanko hannu ki zo, da asuba za a zo ɗaukar kaya."

Na durƙusa a gabanta. "Inna, ina da magana."

Na faɗa mata duka, tun daga jan salatif har sawun mashina a gindin dutse. Na ce motoci da safe za su tashi, shi kuwa sai bayan La'asar yake hawa. Na ce saura makullai kusan talatin, in na samu yamma ɗaya zan iya. Ban ɗaga kai ba, ina jiran faɗa, don na san gobe ce ranar tashinmu.

Ba ta yi faɗa ba. Ta saki igiyar buhun ta zauna a kan turmi.

"Muryarsa kika ji? Da kunnenki?"

"Da kunnena, Inna."

"Yana da rai kenan."

"Yana da rai."

Ta daɗe tana kallon bangon nan mai tabon hoto. "Ni ko wannan ban samu ba," ta ce, kamar ba da ni take ba. Sai ta share fuska da gefen zane, ta miƙe, ta kwance igiyar da ta haɗa jakunkunanmu. Ta ɗauke tawa ta ajiye a bakin ƙofar ɗaki.

"Ni zan bi mota, yayanki ya riga ya biya, kuma ƙafata ba za ta ƙara kwana a garin nan ba. Ke ki koma gidan kawunki har a sake samun rakiya. Ban ce na ba shi ke ba, sai na ga mashin ɗin nan a ajiye da idona." Ta nuna ni da yatsa. "Amma ki ji ni da kyau, Bushira. In Allah Ya sa kika buɗe abin nan, kada ki tsaya ce masa kina jin sa. Maganar farko da za ta fita bakinki, ki ce ya sauka daga dutsen nan. Kin ji ko?"

"Na ji, Inna."

Yau da safe na raka ta tasha. Ta sa shuɗin mayafinta na unguwa, ta zauna a gefen taga, turmin na ɗaure a saman mota. Ba ta yi kuka ba, ni ma na daure. Da motocin suka fara tafiya a jere bayan ta sojoji, ta leƙo ta ce in riƙa cin abinci. Tun da aka haife ni ban taɓa kwana a gari ɗaya ita tana wani ba.

Yaya ya turo saƙo, "Me nake ji haka?" Ban amsa ba tukuna. Na dawo gidan ne in ɗauki jakata in kulle ƙofa, sai na tarar da sabis a bakin taga, na ce bari in gaya wa wani, ko ku ne. Ɗakin babu komai sai ni da tabarma ɗaya, in na yi tari bango na amsawa. Batir biyu na cika, Kawu ya ce zai riƙe min tsani. Na ɓare koren salatif ɗin, na mayar mata da janta mai lanƙwasasshen baki, don ni dai ban ga ta ci gwaji ba sai ya ji ni.

Ban sani ba ko mutanen garinsu za su bar shi ya hau. Rabin zuciyata na roƙon ya hau, rabi na roƙon kada ya hau. Ku sa mu a addu'a. Ga ladan can ya fara gyaran murya zai kira La'asar, bari in yi alwala in tafi.